Yadda ake gane suna da jam'i a Turanci, don mu mazauna Ikko

Salamu alaikum 'yan'uwa. Kowa dai ya sani a garin nan da Turancin buroka kaɗai mutum zai iya yin shekara da shekaru yana cin kasuwarsa lafiya lau, ya hau danfo ya sauka, ya yi ciniki da Bayarabe da ɗan Ibo babu mai ce masa kanzil. To amma ranar da aka ce ɗauki biro ka rubuta, ko ka tura saƙo ga wani manajan kamfani, a nan ne ake gane wanda ya iya da wanda yake lallaɓawa. Rasit ne, takardar neman aiki ce, takardar kayan da direba zai riƙo daga Apapa ce, ga kuma ƙannenmu da 'ya'yanmu masu zana WAEC da NECO da JAMB, waɗanda in babu kiredit a Turanci maganar shiga jami'a sai dai a jira wata shekarar. Kuma wallahi abin da ya fi kayar da mutanenmu ba wasu manyan kalmomi ba ne, ɗan harafin s ɗin nan ne na ƙarshen suna, inda ya kamata a sa ba a sa ba, inda bai kamata ba kuma a maka shi.

Abin yana damuna sosai saboda ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne ko kaɗan. Bahaushe fa shi ne mai cewa gida gidaje, doki dawaki, akuya awaki, tunkiya tumaki, wuƙa wuƙaƙe, sarki sarakuna, saniya shanu, kowanne da hanyarsa daban, kuma ƙaramin yaro yana faɗa daidai ba tare da an zaunar da shi a aji ba. Jam'in Turanci bai kama ƙafar namu a wuya ba. Abin da ake buƙata kawai a bi shi daki-daki, a kuma san tambayar da za a fara yi kafin a taɓa s. Ga yadda nake bi da yaran da ke zuwa wurina da daddare bayan an tashi kasuwa.

Mataki na farko, ka san inda bakinka ya saba

Mu a Hausa in lamba ta zo sai mu bar suna a tilonsa, buhu goma, kwando arba'in, rago biyar, mota uku. Daidai ne a harshenmu, lambar ta riga ta faɗi yawan. Buroka ma haka take, two bag, five basket, in ma ana so a nuna yawa sai a liƙa dem a baya. To ka ga harsuna biyun da muke kwana muke tashi da su duk sun saba mana da barin suna yadda yake, shi kuwa Turancin rubutu ba ya yarda, da zarar abu ya wuce ɗaya dole sunan da kansa ya nuna ko da lambar tana tsaye a gabansa.

Wani yaro da ke riƙe wa maigidansa lissafin kayan gwari a Mile 12 ya miƙo min wayarsa ya ce, Malam dan Allah duba min kafin in tura wa matar nan mai gidan abinci, Alhaji ya ce kar in ba shi kunya. Abin da ya rubuta shi ne "I send 40 basket of tomato and 12 bag of onion". Na ce ƙanena lissafinka daidai ne, jam'i ne ka bari a baya har wuri huɗu, muka gyara tare ya koma "I have sent 40 baskets of tomatoes and 12 bags of onions". Matar za ta gane na farkon ba ko shakka, amma na biyun ne zai sa ta ɗauke shi a wanda ya san aikinsa. Saboda haka duk sanda ka rubuta lamba daga 2 zuwa sama, ko many, ko few, ko several, ko these da those, tsaya ka kalli sunan da ke biye ka ga ko ya zama jam'i.

Mataki na biyu, ka san wane irin suna ne a hannunka

Wannan ba zan daɗe a kai ba don wanda ya yi nahawun Hausa a makaranta ya riga ya san su. Akwai sunan yanka, wanda a jarabawa za ka ga an rubuta proper noun, wato sunan da ya keɓanci abu guda, Agege, Obalende, Kano, Third Mainland Bridge, Murtala Muhammed International Airport. Dokarsa ɗaya ce, babban harafi a farko ko a tsakiyar jimla ya zo. Inda ake yawan mantawa shi ne ranakun mako da watanni da sunan harshe da ƙabila da addini, duk sunan yanka ne a Turanci, Friday, Monday, January, Hausa, Yoruba, Islam. Sai suna gama-gari, common noun, irin su market, bridge, driver, goat, shi ƙaramin harafi ne sai in shi ya buɗe jimla.

Sai ɓoyayyen suna, abstract noun, abin da ba ka gani ba ka taɓawa, honesty, patience, poverty, knowledge, galibinsu ba sa ɗaukar jam'i. Sai tattarau, collective noun, kalma ɗaya mai ɗauke da taro, team, family, committee, crowd, da irin su a herd of cattle, a flock of sheep, a fleet of trucks, a bunch of keys. Turawan Ingila sukan ce the team are in suna nufin 'yan wasan ɗaya bayan ɗaya, na Amurka sun fi cewa the team is, kai dai in kana maganar ƙungiyar a dunƙule yi amfani da is ka huta. Na ƙarshe harɗaɗɗen suna, compound noun, kalma biyu ko uku da suka haɗu suka ba da suna ɗaya kamar bus stop da mother-in-law, za mu dawo kansa.

Mataki na uku, tambayar da ta fi kowace muhimmanci

Kafin ka sa s tambayi kanka, shin Bature yana ƙirga wannan abin? Ba wai ko kai kana ƙirga shi ba, shi mai harshen. Sunaye a Turanci kashi biyu ne, ƙirgau da ƙi-ƙirgau, countable da uncountable. Ƙirgau yana karɓar a ko an, yana karɓar lamba, yana da jam'i, a ram, two rams. Ƙi-ƙirgau ba ya karɓar ko ɗaya daga cikin ukun nan. Wasu a fili suke, water, rice, oil, petrol, sugar, salt, sand, ba wanda zai yi gardama. Masu kayar da mutane su ne waɗanda mu a Hausa muke ƙirgawa lafiya lau amma Turanci ya ƙi. Muna cewa shawarwari, bayanai, kayayyaki, hujjoji, sai hannu ya tafi da kansa ya rubuta advices, informations, equipments, evidences, kuma duk kuskure ne. Waɗannan ka rubuta su a takarda ka liƙa inda kake gani kullum: advice, information, equipment, furniture, luggage, baggage, evidence, news, bread, traffic, homework, jewellery, stationery, machinery, software, feedback, stuff. Babu s a bayansu, babu a ko an a gabansu. Kar ka ce ai na ga equipments a allon wani babban shago a Ikeja, za ka gani kam, mai allon ne ya yi kuskure, kuma mai duba takardar jarabawa ba zai yafe maka don wani ya rubuta a allo ba.

To in kana son faɗin adadi fa? Ka ɗauke su kamar shinkafa a kasuwa, babu mai ƙirga ƙwayarta, da mudu ake aunawa, ko derika da robar fenti yadda ake yi a nan Ikko. Su ma kalmomin nan suna da mudunsu, kuma mudun ne yake ɗaukar s ba su ba. Two bags of rice, five litres of petrol, three loaves of bread in burodin Agege ka aika a sayo, two bars of soap, four sheets of paper. Babban mudun da ya fi shiga ko'ina shi ne piece, a piece of advice, two pieces of information, three pieces of furniture, five pieces of luggage. Item ma yana aiki, musamman a takardar kaya, ten items of equipment.

Staff ma ga shi nan, ana yawan jin we have ten staffs, ba haka ba ne. Staff duka ma'aikatan wurin ne a haɗe, in mutum ɗaya ne a member of staff, in su goma ne ten members of staff, ko ka ce ten workers ko ten employees. Money shi ma ƙi-ƙirgau ne, naira da dala ake ƙirgawa ba kalmar money ba. Za ka iya cin karo da monies a takardun lauyoyi da na banki, bar musu shi can.

Daga nan ne much da many suke rabuwa. Many da few na ƙirgau ne, much da little na ƙi-ƙirgau, how many bags, how much rice, few customers, little money. In ka rikice a lot of da some suna tafiya da kowanne.

Akwai kuma masu fuska biyu, in aka sa musu s ma'anar ce take sauyawa gaba ɗaya, kuma waɗannan a kula da su sosai a harkar kasuwa. Paper takarda ce da ba a rubuta komai ba, papers takardun shaida ne irin na mota da ake tambayar direba a hanya. Custom al'ada ce, Customs kwastan ne da masu fito da kaya a Apapa da Tin Can suka sani. Glass gilashi, glasses tabarau ko kofunan gilashi. Damage ɓarna, damages diyyar da kotu take sa a biya. Chicken naman kaza, chickens kaji masu rai. Teloli kuma ku riƙe wannan, cloth yadi ne, clothes tufafin da aka ɗinka, kuma clothes ba shi da tilo, in riga ɗaya ce ka kira ta da sunanta, a shirt ko a gown. Property in kana nufin tarkacen mutum ba a cewa properties, belongings ake cewa, properties gidaje ne da filaye.

In ka yi shakkar wata kalma buɗe ƙamus a wayarka, ƙamus na masu koyo suna sa harafin C a gefen ƙirgau, U a gefen ƙi-ƙirgau, in ka ga duka biyun to mai fuska biyu ce.

Mataki na huɗu, in ƙirgau ne kalli harafin ƙarshe

Mafi yawan sunaye s kawai ake ƙara musu, phones, chargers, goats, trailers, mosques, imams. Har kalmominmu na nan gida da suka shiga Turanci haka suke bi, danfo da okada da ƙamus na Oxford ya shigar a 2020, danfos, okadas.

In kalmar ta ƙare da s, ss, x, z, sh ko ch sai a sa es, domin baki ba zai iya haɗa sautin da wani s ɗin ba sai da wasali a tsakani. Buses, classes, addresses, businesses, boxes, taxes, brushes, watches, branches, churches. Quiz yana ninka z ya zama quizzes. Amma kunne ake bi ba ido ba, stomach da ch ya ƙare amma k ake furtawa, don haka stomachs ne.

In ta ƙare da y dubi harafin da ke kafin y ɗin. In baƙi ne, cire y ka sa ies, lorry lorries, battery batteries, company companies, factory factories, ferry ferries, currency currencies, accessory accessories, 'yan Computer Village ku ne kuka fi buƙatar wannan. In wasali ne, wato a, e, i, o, u, irin biyar ɗin nan namu na Hausa, bar y a wurinsa ka ƙara s, keys, boys, days, trays, donkeys, turkeys, jerseys, journeys. Wannan dokar tana da daɗi don da wuya ta ba ka kunya.

Masu ƙarewa da f ko fe su ne sai an ɗan yi hadda, amma waɗanda suke komawa ves ba su da yawa: knife knives, thief thieves, wife wives, life lives, leaf leaves, loaf loaves, half halves, shelf shelves, calf calves, wolf wolves, self selves. Mahauci a Oko-Oba knives yake wasawa, mai gadi thieves yake tsaro. Yawancin sauran s kawai, chiefs, roofs, proofs, beliefs, safes, tariffs. Ka lura da beliefs da safes, in ka rubuta believes ko saves ka koma aikatau, wato verb, ke nan, ka bar suna. Scarf da hoof duka hanya biyun sun halatta.

Sai masu o. In wasali ne kafin o, s kawai, radios, videos, studios, zoos. Kalmomin da aka gutsure su ma s kawai, photo daga photograph yake, kilo daga kilogram, sai photos, kilos. Waɗanda lallai sai da es ka riƙe tomatoes, potatoes, heroes, echoes. Mango da mosquito da cargo ana rubuta su ta hanya biyu, ni na fi son mangoes, mosquitoes, cargoes don su aka fi gani a littattafan makaranta. 'Yan gwari dan Allah a lura, tilon tomato ne da potato babu e a ƙarshe, e ɗin sai a jam'i yake shigowa.

Wajen furuci kuma s ɗin sauti uku gare shi. Bayan p, t, k, f yana fita s sak, cups, baskets, trucks. Bayan wasali da sauran baƙaƙe z yake komawa, bags, rams, keys, duk da z za ka ƙare su. Es na buses da boxes kuma iz ake faɗa. Mu mun saba haɗiye ƙarshen kalma in baƙaƙe suka taru, irin desks, months, tests, kuma abin da baki ya haɗiye hannu ma mantawa yake yi, shi ya sa nake sa yara su karanta da ƙarfi har sai na ji s ɗin ya fito.

Mataki na biyar, waɗanda ba sa bin doka

Tsohon Turanci yana da hanyoyin jam'i da dama, a hankali s ya mamaye kusan komai, sai 'yan kalmomin yau da kullum suka riƙe tsohuwar hanyarsu. Man men, woman women, child children, foot feet, tooth teeth, mouse mice, louse lice, goose geese, ox oxen. Women wimin ake furta shi. Da yake sun riga sun zama jam'i ba a ƙara musu wani s, babu childrens, babu mens, babu feets. Duk sana'ar da ta ƙare da man haka take bi, policemen, watchmen, fishermen, businessmen, chairmen, amma human da German ba sa ciki, humans ne da Germans. Person jam'insa people, persons sai a rubutun hukuma ko jikin lifta inda ake faɗin mutum nawa za ta ɗauka.

Wasu ba sa motsi sam, one sheep fifty sheep, haka deer, aircraft, series, species, da fish a yawancin lokuta, fishes sai in nau'o'in kifi daban-daban ake nufi. Masu kawo dabbobi Ikko lokacin Babbar Sallah ga naku a jere: rams, goats, cows, bulls, camels duk da s, sheep babu s, cattle kuma jam'i ne da ba shi da tilo, ba a cewa a cattle ba a cewa cattles. In za ka faɗi adadi sai ka ce fifty head of cattle, head ɗin ma babu s.

'Yan makaranta ga naku, kalmomin da suka shigo daga Latin da Girkanci ta hanyar ilimi da kimiyya, masu saita jarabawa suna son su ƙwarai. Masu is suna komawa es, crisis crises, basis bases, analysis analyses, thesis theses. Masu on da um suna komawa a, criterion criteria, phenomenon phenomena, bacterium bacteria, medium media. Masu us wasu suna komawa i, fungus fungi, alumnus alumni, stimulus stimuli, amma virus da campus viruses ne da campuses. Abin da za ka kiyaye shi ne criteria jam'i ne, ba a cewa a criteria ko criterias.

Mataki na shida, masu s da ba jam'i ba, da jam'in da ba shi da tilo

Abin da yake da ɓangare biyu a haɗe Turanci jam'i yake ɗaukarsa kullum, trousers, jeans, shorts, scissors, pliers, glasses. Wando ɗaya ne a hannunka amma my trousers are za ka ce, kuma ba a cewa a trouser, sai a pair of trousers, two pairs of scissors. Haka goods da premises da belongings, the goods have arrived. Police ma jam'i ne, the police are coming, in ɗan sanda ɗaya ne a police officer. A ɗaya gefen kuma news, mathematics, physics, economics, measles suna da s amma tilo ne, the news is good, mathematics is compulsory.

Mataki na bakwai, harɗaɗɗen suna da lissafin kuɗi

A harɗaɗɗen suna nemi kalmar da ita ce ainihin abin, ita za ka ba jam'i. Bus stop ai tasha ce ba mota ba, sai bus stops. Mother-in-law uwa ce, sai mothers-in-law, haka brothers-in-law, passers-by, commanders-in-chief. Sunan da ya zo gaba yana bayanin na baya a tilo yake zama, shoe shop, phone chargers, tomato sellers, ko da takalma dubu ne a shagon. Haka in lamba da suna suka haɗu da karan ɗori suna siffanta wani abu, a two-year contract, a ten-tyre truck, a five-year-old boy. Gadar Third Mainland da aka kammala a 1990 za ka ce it is 11.8 kilometres long, amma in ka kawo tsawon gaba sai ya zama an 11.8-kilometre bridge, s ya faɗi.

Kuɗi kuwa zaro takardar ₦500 ko ₦1000 daga aljihunka ka karanta abin da Babban Banki ya buga a jiki, Five Hundred Naira, One Thousand Naira. Tun da naira ta maye gurbin fam a 1973 ba a sa mata s, kobo ma haka. Hundred, thousand, million da dozen ba sa ɗaukar s in akwai lamba a gabansu, five thousand naira, two million naira, three dozen eggs. Sai in babu lamba kuma of ya biyo baya, thousands of people, millions of naira. 'Yan canji ku kun san sauran, dollars, pounds, euros, riyals, cedis duk da s, yuan da yen babu.

Mataki na takwas, sauran jimlar ma dole ta bi

In suna ya zama jam'i maƙwabtansa ma sai sun sauya, this ya koma these, that ya koma those, is ya koma are, was ya koma were, has ya koma have. Abin da ke rikita mutane shi ne s na aikatau a juye yake, the driver comes, the drivers come, in suna ya ɗauki s aikatau ya ajiye nasa. Every da each tilo suke bi, every day, each bag. One of kuwa jam'i yake bi ko da yaushe don daga cikin taro ka zaro ɗaya, one of my friends, one of the trucks, amma aikatau ɗin na tilo ne, one of the trucks is faulty. Wannan one of my friend ɗin ya yi yawa a bakin mutane har wasu sun ɗauka shi ne daidai.

Ɗan waƙafin nan da ake ratayawa a sama kafin s ba na jam'i ba ne, na mallaka ne. The driver's key makullin direba ɗaya, the drivers' union ƙungiyar direbobi, children's clothes kayan yara. In yawa kawai kake nufi kar ka sa shi, phones for sale ne ba phone's for sale ba, a duba kafin a biya mai rubuta allon shago.

Mataki na tara, yadda za ka sa abin ya zauna

Kar ka ce za ka haddace duka a dare ɗaya. Fara da sana'arka, samu ɗan littafi ka rubuta sunan kaya ashirin da kake taɓawa kullum, mai shayi ya rubuta nasa, mai facin taya nasa, mai gwari nasa. Raba shafin gida uku, tilo, jam'i, da mudun da ake aunawa da shi in ƙi-ƙirgau ne. Mai shayi misali zai samu egg eggs, cup cups, tin tins, sai bread da sugar da milk da butter waɗanda gidan jam'insu zai zauna babu komai, a na ukun ya rubuta loaves, cubes, tins, sachets. Kowace kalma ka yi mata jimla guda da lamba a ciki ka karanta da ƙarfi. Kuma duk saƙon da za ka tura da Turanci karanta shi sau biyu kafin ka danna, karo na biyun sunaye kaɗai za ka bi ɗaya-ɗaya kana tambaya, ana ƙirga shi, ya wuce ɗaya, da wane harafi ya ƙare.

Gwada da wannan, kurakurai shida ne a ciki, nemo su kafin idonka ya sauka ƙasa: "We need two staffs to carry the luggages and furnitures, and one of my brother will pay them five thousands nairas."

Gyararren shi ne "We need two members of staff to carry the luggage and furniture, and one of my brothers will pay them five thousand naira." Wanda ka tsallake a cikin shidan, koma matakin da ya yi bayaninsa ka rubuta jimla biyar da shi daga kayan shagonka.